Akwatin da ake aike da baki: daga ina ya fito, kuma me zai yi wa Damargu?



A hutun babbar Sallar da ta wuce, wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya zo daga Yamai da wani ɗan akwati da bai fi gwangwanin madara girma ba, da ampul guda. Ya jona su da batirin panno, ya kunna intanet ɗin salularsa, ya yi wa akwatin magana da Faransanci, sai ga ampul ta mutu. Ya sake magana, ta kama. Yara suka ɗauki sowa. Kakarsa tana kan tabarma ta ce a matso mata da shi. Ta ce, "Kai, kashe wutar nan." Shiru. Ta ɗaga murya, shiru. Sai ta dubi jikan ta ce, "Angona, wannan ɗan aiken naka da bai jin maganar masu gida, me amfaninsa?" Aka yi ta dariya. Can bayan isha'i rezo ya ɗauke, akwatin ya daina jin Faransancin ma.

Tambayar tsohuwar nan ce ta sa muka ce bari mu bi sawun abin, mu ga inda ya faro.

Aiki biyu ne aka daɗe ana yi daban-daban kafin a haɗa su: yi wa na'ura kunne, da yi mata hannu. Na kunnen ya faro a Amurka a 1952, lokacin da ɗakin bincike na Bell ya ƙera wata na'ura mai suna Audrey, wadda ba ta gane komai sai lambobi daga sifiri zuwa tara. A 1962 kamfanin IBM ya nuna tasa, Shoebox, mai gane kalma 16. Sai a 1976 jami'ar Carnegie Mellon ta fito da Harpy mai gane kalma 1,011. Ku duba, shekara 24 ana fama kafin a kai kalma dubu. Na hannun kuwa, a 1975 wani kamfani a Sikotland ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke tura umarni ta cikin wayoyin wutar gida, mutum ya kunna fitilar wani ɗaki daga inda yake zaune.

An haɗa kunnen da hannun ne a zamaninmu. Apple ya sa Siri cikin salularsa a 2011. A watan Nuwamba 2014 Amazon ya fito da akwatin Echo mai muryar Alexa, Google ya biyo da nasa a 2016, Apple ya kawo HomePod a 2018. Daga nan fitila, kwado na ƙofa, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, duk aka riƙa yin waɗanda ke karɓar umarni daga akwatin. Da yake kayan wannan kamfani ba su jin na wancan, sai a 2022 manyan kamfanonin suka fitar da tsari ɗaya da suka kira Matter.

Amma ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Yawancin akwatunan nan ba su ne ke fahimtar maganar ba. Akwatin yana kasa kunne ne yana jiran a kira sunansa. Da ya ji, sai ya ɗauki muryarka ya tura ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa. Can ake fassara abin da ka ce, sannan a aiko wa ampul umarni. Wato ampul tana bisa kanka, amma saƙon sai ya ƙetare teku ya dawo. Kamar mutum a Tanut zai aika wa maƙwabcinsa gaisuwa, sai ya ba ayarin Agadas. Shi ya sa a watan Disamba 2021, da kwamfutocin Amazon suka samu matsala a Amurka, mutane da yawa can suka kasa sarrafa ƙararrawar ƙofarsu da na'urar shararsu. In haka ta faru a inda wuta da intanet ba su yankewa, ina ga mu?

To mu dawo gida. Mu dai Damargu da baki muka gaji tafiyar da al'amura. Tun zamanin da ayarin Abzin ke saukowa sayen hatsi, farashin gero da labarin hanya a bakin madugu ake jin su. Umarnin sarki mai shela ne ke kai shi kasuwa. Da rediyo ya zo, bai sha wuyar shiga ba: BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyo Nijar da ta zama Muryar Sahel ta buɗe a 1958, a 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, mutane su taru su ji shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mai da ita gidan rediyo. Manya a cikinmu sun tuna lokacin kaset, ɗan ci-rani a Libiya ko Najeriya ya cika kaset da gaisuwa da saƙon kuɗi, ya ba direba, gida a taru a saurara har da kuka.

Salula ta shigo Nijar a 2001. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ba rubutu ya yi wannan aiki ba, kira ne, ɗan kasuwa ya tambayi nawa tiya a Bakin Birji kafin ya ɗora buhu a mota. Da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, shi ke nan, tsohuwa da makiyayi da wanda bai taɓa shiga lakwal ba kowa ya samu hanya. Yau vokal ne wasiƙarmu. Saboda haka in ana neman mutanen da na'ura mai jin magana za ta fi yi wa amfani, mu ne. Bature yana iya latsawa ya karanta, ƙiwuya ce kawai ta sa shi magana. Mu kuwa da yawanmu bakin ne kaɗai mabuɗin.

Sai dai abu uku sun tsaya a tsakani.

Na farko wuta da rezo. A 2011, shekarar da Siri ta shiga salular Apple kuma Belbeji ta zama gunduma, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a ƙasar Olelewa, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Amma har yau ƙauyuka nawa ne a Damargu da fitilar hannu da ɗan panno suke kwana? Kuma ba mu manta watan Agusta 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da ƙasar nan ke samun wajen kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinta daga gare ta, sai a Maris 2024 aka maido. Abin da bai aiki sai da intanet dare da rana, a nan kayan ado ne.

Na biyu harshe. Alexa tana jin Turanci, Faransanci, Jamusanci, Indiyanci, Larabci da wasu, amma babu Hausa a jerin, balle Tamajak ko Barbarci ko Fulatanci, alhali duk ana yin su a kasuwanninmu. An ɗan samu ci gaba: Google ya sa Hausa a fassararsa a 2013, a 2024 kuma ya ƙara ta cikin harsunan da ake iya bincike da murya. Amma wace Hausar? In na'ura ta koyi ta Kano kaɗai, ta ina za ta san kuran da rezo da tiya? Mai hatsi ya ce maka tiya ɗari da ashirin, kowa a nan ya san sefa 600 yake nufi, don da dala muke lissafi, jika kuma sefa 1,000 ce. Na'urar da ba ta san haka ba, cutar mutum za ta yi yana ganin taimako ne.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: muryar da aka ɗauka, hannun wa take zuwa? A 2019 jaridar Bloomberg ta bayyana cewa akwai ma'aikata da ke sauraren wasu daga cikin muryoyin da Alexa ta ɗauka don a gyara fahimtarta. A 2023 Amazon ya yarda ya biya tarar dalar Amurka miliyan 25 kan ajiye muryoyin yara. A tsakar gidanmu ake maganar aure da gado da bashi da sulhu. Magana kuwa zarar bunu ce.

Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. A watan Janairu 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tagalel a nan Damargu, yana tafe yana rubuta kalmomin da yake ji. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. Daga bakin yaron nan wani malamin mishan, Schön, ya kwashi Hausa mai yawa da ta shiga littattafansa, har da ƙamus na 1876 da Magana Hausa na 1885. Muryar ta Dorugu ce, sunan da ke bangon littafi na wani ne. Yau ma na'ura ba ta koyon harshe sai daga bakin masu shi. In za a kwasa, to a kwasa da saninmu, kuma amfanin ya dawo gida.

Shin akwai abin da ya fi dacewa da mu? Akwai, kuma ɗan ƙasa ne ya yi shi. Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov, ya ƙirƙiro tsarin ban ruwa daga nesa: manomi yana ko'ina ya yi amfani da salularsa ya kunna injin ruwa mai aiki da hasken rana, ya shayar da lambu, ya kashe. A 2015 ya karɓi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Shi bai fara da ampul ba, da ruwa ya fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar Damargu ya ga nisan da jaki ko raƙumi ke yi da igiya kafin guga ya fito, ya san dalili. Abin da muke so shi ne mai kula da foraj ya ce da bakinsa a kunna, tanki in ya cika injin ya tsaya da kansa, in ya lalace a sanar da shi kafin mata su wuni a layi da jarkoki.

Don haka ga roƙonmu. Wanda zai sayi akwatin nan, ya tambaya ko yana aiki in babu intanet, ya san maɓallin toshe masa kunne, kada kuma ya ajiye shi inda ake sirrin gida. Ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou da sauran makarantu, akwai shirin Common Voice na Mozilla inda kowa ke iya ba da muryarsa kyauta, rumbun kuma a buɗe yake ga kowa, akwai Hausa a ciki. Ku sa irin tamu. Hukumomi kuwa, tunda kundin da aka fitar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to a nuna haka a cikin na'urorin da ake kawo wa ƙauye, ba a takarda kaɗai ba.

Ɗalibin nan ya koma Yamai da akwatinsa. Ampul ɗin ya bar wa kakar, an sa mata makunni na hannu kusa da gado, tana ta amfani da abinta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana zaman lafiya.