Laburaren makaranta: Asalinsa, aikinsa da buƙatarsa a yammacin Zamfara

Laburaren makaranta, ko ɗakin karatu, wuri ne da ake tanadar littattafai da jaridu da taswirori, a yanzu kuma har da kwamfuta, domin ɗalibi ya karanta abin da ya wuce darasin aji. Sharuɗɗansa uku ne: kayan karatu da suka dace da shekarun ɗalibai, ma'aikaci da ya san aikin, da lokaci a jadawalin makaranta. Idan ɗaya ya faɗi, abin da ya rage sito ne mai kwaɗo a ƙofa, wanda ake sharewa ranar da masu duba makarantu za su zo.

Yadda aka faro a Najeriya

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sanya laburare cikin muhimman hidimomin ilimi, ta kuma ɗora wa masu makarantu nauyin samar da shi. A shekarar ce aka kafa Ƙungiyar Laburaren Makarantu ta Najeriya. Kafin nan, a 1974, Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar Abadina ƙarƙashin Farfesa Adetowun Ogunsheye, inda aka gwada haɗa littafi da kayan gani da saurare a ɗaki guda domin yara. A 1999 hukumar UNESCO ta amince da wata sanarwa da ta fayyace aikin laburaren makaranta a duniya. Rashin takarda dai bai taɓa zama matsalarmu ba.

Abin da matashi ke karantawa

Ana yawan cewa matasan Arewa ba sa karatu. Tarihi bai goyi bayan wannan zance ba. Gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma an yi ta ne domin ɗalibai su samu abin karantawa da harshensu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta biyo baya, kuma har yau ana karanta ta a makarantu. Daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka mamaye gidaje. 'Yan mata da matan aure suna karɓar hayar littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino a shaguna, su karanta a kwana ɗaya ko biyu su mayar. Waɗannan shaguna laburare ne a aikace, ko da yake ba wanda ya kira su da sunan.

Hukuma ba ta karɓi abin da hannu biyu ba. A 2007 an ƙona wasu irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano, bisa zargin ɓata tarbiyya. Akwai na banza a cikinsu, babu musu, amma tantancewa aikin ma'aikacin laburare ne, kuma ashana ba ta iya shi. Yau yawancin wannan karatu ya koma waya, a WhatsApp da Wattpad, inda ba mai tantance komai. Makarantar da ta cika kantocinta da tsofaffin littattafan Turanci na kyauta, ta hana labaran Hausa shiga, ita ta kori masu karatunta.

Yammacin Zamfara ba baƙon littafi ba ne. Gummi ce mahaifar Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Al'adar ajiye littafi a zaure da bayar da aro ta daɗe a gidajen malamai, tun kafin a gina ajin boko na farko.

Anka, Gummi da Bukkuyum

Abubuwa biyu suka bambanta wannan yanki da sauran wurare. Na farko gubar dalma. A 2010 aka gano cewa niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ya gurɓata ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Yara kusan 400 suka rasu, dubbai kuma suka karɓi magani a hannun ƙungiyar likitoci ta MSF. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage saurin fahimta da riƙe abu. Yaran da suka tsira su ne matasan yankin a yau. Laburaren sakandare a nan yana buƙatar littattafai masu sauƙin jimla da hotuna, waɗanda ɗan shekara goma sha shida zai ɗauka ba tare da jin kunya ba.

Na biyu rashin tsaro. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na shekarar, bayan harin makarantar Kaya a Maradun, aka rufe makarantu baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A Nuwamban 2025 Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Anka na cikin makarantun da Abuja ta ba da umarnin rufewa saboda fargabar hari. Duk ranar da aka rufe makaranta, littafin da ɗalibi ya tafi da shi gida shi ne malaminsa. Don haka dokar hana fita da littafi, wadda shugabannin makarantu ke kafawa don gudun ɓata, ta fi ɓatan littafin illa.

An taɓa gwada wani abu a matakin firamare. Shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a Zamfara da Katsina, ya koyar da karatu da lissafi da Hausa, ya kuma samar da ƙananan littattafai. Yaron da ya koyi haɗa baƙi a aji biyu, idan bai samu abin karantawa a sakandare ba, sai abin ya dushe.

Kwamfuta da ayyukan fasaha

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC kuma ta fara hakan ga masu zaman kansu a 2024. Ɗalibin da ya fara taɓa madannai ranar jarrabawa ya shiga da rauni, komai ƙoƙarinsa. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Akwai hanyoyi. Asusun USPF da ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa yana kai kwamfutoci da intanet makarantun sakandare. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ya fara da dala miliyan 500 a 2020, ya samu ƙarin dala miliyan 700 a 2023, Zamfara ta shiga, kuma koyar da 'yan mata amfani da na'ura na cikin ayyukansa. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport. Sai dai katse layukan 2021 ya nuna cewa a nan bai kamata a jingina komai ga intanet ba. Manhajoji irin su Kiwix da Kolibri suna ajiye Wikipedia da darussa a cikin kwamfuta, a buɗe su ba data. Abin da suke buƙata shi ne sola da batir, da wanda zai kakkaɓe ƙura lokacin hunturu.

Misalin da aka fi kawowa shi ne William Kamkwamba na ƙasar Malawi. Ya bar makaranta saboda rashin kuɗi a lokacin yunwa, ya ari littafin kimiyya a wani ƙaramin laburare, ya haɗa injin samar da wuta mai aiki da iska daga tarkacen keke. Kulob ɗin JETS na makarantunmu domin irin wannan aka kafa shi.

Wa zai biya?

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye daidai nasa. Babbar sakandare tana wuyan ma'aikatar ilimi ta jiha. A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka shiga gyaran gine-gine. Iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke Gusau da Sakkwato da Abuja suna da damar tambayar shugaban makaranta abu uku: wane ne ke riƙe da makullin laburare, awa nawa yake buɗe a mako, kuma littafi nawa aka ara a zangon da ya wuce.