Walƙiyar da ta iso a kwanakin Mauludi



Kakanninmu fataken goro, da suka bi hanyar Kano zuwa Gwanja suna ya da zango a Parakou da Zugu, da ido suka san sama. Fitowar Gamzaki ke ta da ayari. Amma akwai hasken da ido ba ya kamawa, masana na kiransa gama.

Ba nemansa aka fita ba. A 1967, taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Vela, da aka harba don bankaɗo gwajin makaman nukiliya a ɓoye, suka tsinci walƙiyar da ba daga duniyarmu ta taso ba. Sai 1973 aka bayyana, sai 1997 aka tabbatar daga can bayan gungun taurarinmu take. Mai daɗewar cikinta ajalin ƙaton tauraro ce, ya rufta cikin kansa.

Mafi ƙarfin da aka taɓa aunawa ta iso ranar 9 ga Oktoba 2022, da azahar agogonmu, ana tsakiyar kwanakin Mauludi. Kusan shekara biliyan 2 ta yi a hanya, Allah mai iko, kuma sai da ta girgiza ƙololuwar iskar duniya. Mu kuwa muna hidimar baƙi. Labarin daga baya ya same mu, kuma da Faransanci.