Ma'aikatan fim na ɗalibai

Ma'aikatan fim na ɗalibai rukuni ne na masu koyon shirya fim da suke raba ayyuka a tsakaninsu don su fitar da gajeren fim, kamar yadda ake yi a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos.

Furodusa ne yake riƙe kuɗi, ya nemi izinin wurin ɗauka, ya tanadi abinci da mota. Darakta yana ba 'yan wasa umarni, mai ɗaukar hoto kuma ya tsara kyamara da haske. Mai tacewa yana harhaɗa hotunan a kwamfuta bayan an gama.

Aikin da aka fi rainawa shi ne na mai kula da ci gaban shiri, wato kwantiniti, ga shi kuwa da wuya. Shi ne zai lura cewa hular da jarumi ya karkata hagu jiya ba ta koma dama yau ba, kuma shayin da ke kofi bai ƙaru ba. Mai ɗaukar sauti kuma kullum yana fama da ƙarar janareta. Saboda ƙarancin hannu, sau da yawa ɗalibi ɗaya yakan riƙe aiki biyu ko uku.