Daga baƙi-da-fari zuwa na bango: talabijin a hannun fataken Zongo

Da shugabanni suka ce a ware shafi a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya domin tarihin wata haja guda, kowa ya zaci goro za a ɗauko, ko shanu, ko atamfa, tunda su ne suka kafa Zongo. Mu a ofishin magatakarda talabijin muka zaɓa. Dalilin yana cikin littafin sulhu. A 'yan shekarun nan, in ka ga 'yan ƙungiya biyu sun shigo ofis ba mai kallon ɗan'uwansa, sau da yawa talabijin na bango ne ya haɗa su: ko gilashi ya tsage a hanya, ko an sayar da abu da sunan HD, mai saye ya kai Yamai ya kunna ya ga ba haka ba. Rigimar kamar sabuwa, amma tushenta ya girmi yawancinmu.

Talabijin ya riga Togo zuwa maƙwabta. An buɗe gidan talabijin na Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962, na Gana a 1965. Na nan gida, TVT, sai 1973. Kafin wannan an riga an buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, mai zurfin da manyan jirage ke iya tsayawa, kuma a ƙarshen 1969 dokar Busia ta kori baƙi daga Gana, iyayenmu da dama suka tsallako Aflawo suka sauka a Zongo da ɗan abin da ya rage musu. Ke nan tasha, da sababbin hannuwa masu neman jari, da gidan talabijin, duk sun haɗu cikin shekara biyar. TVT na da shekara huɗu aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka mai da mutane arewacin birni, wajen kilomita 15, inda muke yau. Dattawa na ba da labarin yadda akwatin wancan zamani yake: baƙi-da-fari, jikin katako, mai gida kaɗai ke da shi, sai bayan isha'i a fito da shi tsakar gida, fataken da suka sauka a gidan su zauna a tabarma, yaran unguwa su cika zaure.

Darasin farko da hajar ta koya wa iyayenmu ya zo ne da mai kala. Turawa ba su yarda da tsari ɗaya na aika launi ba. Faransa ta ƙirƙiro nata, SECAM, Jamus ta fito da PAL, kuma kowace ƙasa a nan ta bi wadda ta raine ta ko wadda ta sayar mata da kayan tasha. Najeriya da Gana suka ɗauki PAL. Ƙasashen sefa, irin su Nijar da Togo, suka tafi SECAM. Iyakar da Bature ya shata a ƙasa sai ga ta a cikin akwati. Ka sayo talabijin mai kyau a Ikko, ka kai shi Maraɗi, hoto ya fito babu kala, murya kuma sai shuuu, domin har mazaunin sauti ya bambanta. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne akwatin da aka sayo a Faransa kanta ma ba ya kama tashoshinmu yadda ya kamata sai mai gyara ya taɓa cikinsa, saboda Faransa tana aika nata SECAM ɗin ta wata hanya dabam da ta Afirka. Daga nan kalmar "malti" ta shiga bakin 'yan kasuwa, wato akwatin da ke cin kowane tsari. Kamfanonin Japan irin su JVC, Sharp, National da Sony suka gane wannan buƙata da wuri, shi ya sa sunayensu suka danne Thomson da Grundig a shagunanmu. Bafataken da ya san bambancin ya ci riba a ƙasa uku. Wanda bai sani ba ya yi ta dawo da kaya a kai.

Shekarun 1980 na Najeriya ne, ta alheri da ta wahala. Gwamnatocinta sun yi ta taƙaita shigo da kayan waje, Lome da Kwatano suka zama ɗakin ajiyar kasuwarta, kaya su sauka nan su bi ta Seme ko su zaga ta Nijar su shiga Katsina da Kano. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa ta kuma canza takardun naira, ba a buɗe ba sai 1986. Masu bin bashi a can da yawa sun tashi da tsohon kuɗi a hannu. Talabijin kaya ne mai nauyi da girma, ba ya ɓoyuwa kamar turmin atamfa, don haka 'yan fito suka riƙa tsauwala kuɗinsa.

Abin da ya mai da talabijin kayan kowane gida a Zongo shi ne bidiyo. Shirye-shiryen TVT da Faransanci ne, sai labarai da Ewe da Kabiye da wasu harsunan ƙasa, iyayenmu mata ba su da babban rabo a ciki. Da kaset ya zo, fim ɗin Indiya ya shigo ɗaki, wa'azin malaman Kano da Kaduna ya shigo, sannan a 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka biyo baya kamar ruwan Agusta. Talabijin da bidiyo suka shiga kayan ɗakin amarya. Malamai sun yi ta jayayya a kan halaccinsa, wasu gidajen har yau ba a kunna shi sai don tafsiri ko sallar Harami, amma ciniki bai tsaya ba. A nan ma rigimar PAL da SECAM ta sake tasowa, domin kaset ɗin Kano da PAL aka naɗe shi.

Sai Janairun 1994. Dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa ta teku ya ninka kuɗi, kuma hakan ya faɗo wa garin da bai gama farfaɗowa daga dogon yajin aikin da aka fara a Nuwamban 1992 ba. Sabon akwati ya fi ƙarfin ma'aikaci. Nan kasuwar na-hannu ta buɗe baki, abin da mutanen gari ke kira "venus de France", 'yan Ikko kuma "tokumbo". Ana cusa su cikin tsofaffin motocin da ke sauka a tasha, ana saye ba gwaji, sa'arka ce. Masu gyara suka yi suna a wannan zamani, domin cikin goma in uku sun mutu, da kayan cikinsu za a tada sauran. A 1998 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, wutar da Togo ke samu daga Gana ta ragu ƙwarai, Lome ta sha duhu wata da watanni. Wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi ta ƙone akwatuna ba adadi, tun daga lokacin mai hankali ba ya sayar da talabijin bai yi wa mai saye maganar sitabilaiza ba.

Watan Yunin 2006 ya cancanci a tsaya a kansa. Ran 13 ga wata Togo ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya a Jamus, da Koriya ta Kudu. Mohamed Kader ya fara jefa ƙwallo, Lome ta kusa tsagewa, ko da yake an tashi 2 da 1 Koriya ce da nasara. Duk mai shagon lantarki ya san irin cinikin da aka yi kafin wannan gasa. Kwana uku bayan wasan, ran 16 ga Yuni, wakilan ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a Janiba kan yarjejeniyar barin tsohon tsarin watsa talabijin a koma dijital, aka sa wa'adin 17 ga Yunin 2015. Hankalin kowa na kan Adebayor, ba wanda ya ji labarin. Amma takardar nan ita ce ta yanke wa akwati mai ƙeya hukunci.

Turai ta riga mu sauyawa. Faransa ta kashe tsohon tsarinta a ƙarshen 2011, Ingila a 2012, mutanensu suka fitar da masu ƙeya daga ɗaki, kwantena bayan kwantena suka nufo gaɓar tekunmu. Araha ta ruɗi mutane. Wasu cikinmu suka cika sito, suna lissafin ƙauye zai shanye. Ƙauye ya sha na ɗan lokaci, sai na bango daga Dubai da Gwangzu ya faɗo ƙasa a farashi, ga shi ba nauyi, ga shi ƙaramin mai inci 24 ko 32 yana tashi da batir da farantin sola, abin da mai ƙeya ba ya jurewa. Jarin da ya kwanta a sito ya zama shara, sharar ma mai guba, domin gilashin mai ƙeya akwai darma a jikinsa. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma wa zai tsaya a tasha ya rarrabe tsohon kaya da mataccen kaya? Wanda ya taɓa ganin hayaƙin Agbogbloshie a Ankara kafin a rushe wurin a 2021 ya san inda irin wannan haja take ƙarewa.

Yanzu ga mu a zamanin HD, kuma a ganinmu tarihin "malti" ne ya dawo da sabuwar riga. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne. Tsohon tsari yana da layi 576 daga sama zuwa ƙasa. HD na farko 1280 ne a kwance, 720 a tsaye. Cikakken HD 1920 da 1080, ɗigo sama da miliyan biyu, kusan ninki biyar na tsohon. 4K kuwa 3840 da 2160, sama da miliyan takwas. Yawancin masu inci 32 da ke Dekon da shagunan bakin tasha 1366 da 768 ne. Ba laifi ba ne a sayar da su, a ɗaki ƙarami ma ido ba ya rarrabewa sosai. Laifin shi ne kwalin da aka buga wa 4K da sunan Samsung ko LG alhali ba su san da shi ba. Haka inci: daga kusurwa zuwa kusurwar gilashi ake aunawa, ban da firam. Mai 32 santimita 81 ne, mai 43 kuma 109. Tef ɗin tela ya isa ya raba gardama, kuma muna da ɗaya a ofis.

Abu na biyu na cikin ciki ne. Ƙasashen yankinmu sun zaɓi tsarin DVB-T2 don dijital ta eriya. Ko da wa'adin 2015 ya wuce yawancinsu ba su cika ba, Najeriya ma sai Afrilun 2016 ta fara gwaji a Jos, hanyar dai ita ce wannan. Faransa kuwa ta daɗe a kan DVB-T, na farko. Saboda haka na-hannu na bango da ya fito daga can, ko an rubuta masa TNT HD, yana iya kasa kama dijital ɗinmu sai an ƙara masa dikoda. Faransa ta sake yi mana irin ta zamanin SECAM. A duba bayan akwati, in babu T2 a faɗa wa mai saye tun kafin ya biya.

Na uku, akwati ba ya ƙirƙiro kyan da ba a aiko masa ba. In dikoda tsohuwa ce, ko an haɗa da wayar nan mai kai ja da fari da rawaya maimakon HDMI, ko tashar kanta ba ta watsa HD, hoto zai fito dishi-dishi, a babban gilashi ma ya fi muni. Da yawa daga ƙarar "an cuce ni" da ke zuwa mana a nan take ƙarewa. Mutum ya ga wasan ƙwallo tar a shago, kamar na kofin duniya na 2022 da New World TV ta nan Lome ta samu izinin nunawa a ƙasashe masu Faransanci, ya koma gida ya kunna Arewa24 ta tsohuwar dikoda don iyali su kalli Daɗin Kowa, ya ce an sauya masa kaya.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne fashewa. Mai ƙeya ana ɗora masa buhu ya kai Agadas lafiya. Na bango a tsaye yake tafiya, in aka kwantar da shi aka ɗora wani abu, ko mota ta faɗa rami a hawan Aledjo, gilashin ya tsage daga ciki, kwali kuwa lafiya lau. Canza gilashi kusan kuɗin sabo ne. Daga Lome zuwa Sinkase fiye da kilomita 600 ne, kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyakarta da Benin, kayan Yamai da yawa suka koma bi ta nan, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. Mota na iya yin makonni tana jiran ayari, kaya na shan rana da ƙura, wani lokaci a sauke a sake lodi. In an buɗe kwali a Yamai aka ga tsaga, mai kaya ya ce direba ne, direba ya ce haka aka ba shi, dillali ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. A zamanin goro mai gida ke tsayawa, maganarsa ta wadatar, domin kowa na iya buɗe huhu ya gani da idonsa. Tsagar gilashi ba ta bayyana sai an sa wuta.

Shi ya sa ofis zai kawo wa babban taron bana shawara guda: duk talabijin da zai hau motar ɗan ƙungiya a kunna shi gaban mai kaya da direba, a ɗauki hotonsa yana aiki tare da lambar da ke bayansa, a rubuta inci da lambar a takardar lodi, mutum biyu su sa hannu. Direbobi sun riga sun ce in za a yi haka sai an ƙara musu kuɗin tsayuwa, manyan dillalai kuma na ganin buɗe kwali ɗari ɓata lokaci ne, kuma mai saye a Nijar ya fi son kwalin da ba a taɓa yanke selotef ɗinsa ba. Za a saurari kowane ɓangare bayan rahoton ma'aji.