Tallafin karatu daga aljihun masu hali: yadda yake aiki a Dutse da kewayenta

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, sannan jami'ar jiha ta Kafin Hausa ta biyo baya a 2013, ɗalibin Kiyawa ko Jahun ba ya buƙatar zuwa Kano ko Zariya neman digiri. Nisa ya ragu, amma kuɗin rajista, hayar ɗaki da abinci suna nan, kuma alawus ɗin Hukumar Tallafin Karatu ta jihar ba ya ɗauke su duka. Wannan giɓi ne masu hannu da shuni ke shiga.

Ba kowane gini mai ɗauke da allo ne kyauta ba. Ayyukan TETFund haraji ne da doka ta ɗora wa kamfanoni. NELFUND, da ya fara aiki a 2024, bashi ne. Tallafin ɗan majalisa kuwa sau da yawa kuɗin aikin mazaɓa ne, ko da hotonsa ke kan takardar.

Manyan gidauniyoyi sun fi karkata ga gini. Aliko Ɗangote, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ya gina makarantar nazarin kasuwanci a Jami'ar Bayero da ɗakunan kwana a Jami'ar Ahmadu Bello. ASR Africa, da Abdussamad Rabi'u ya kafa a 2021, ita ma tana ba jami'o'i kuɗin gine-gine. Tallafin Gidauniyar MTN yana zuwa hannun ɗalibi, sai dai wanda ya riga ya shiga makaranta kuma ya yi fice. Yarinyar da ta rasa kuɗin JAMB a Miga ba ta cikin wannan lissafi.

Irinta sai attajirin gari, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko kawu su biya mata, ba rajista ba alƙawarin baɗi. Idan kasuwa ta juya wa mai biya baya, karatun ya tsaya a aji biyu.

Masarautar Dutse ta yi suna da kwamitin zakka tun zamanin Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a 2023. Amma zakka rabawa ake yi ta ƙare. Abin da ke iya riƙe ɗalibi shekara huɗu shi ne waƙafi: gona ko shaguna da ba a sayarwa, ana biyan kuɗin makaranta da abin da suka kawo.