Tagwayen Sina'i da Ganyayen Alƙur'ani na Kambirij

Cikin matan da suka yi fice a nazarin harsunan Gabas a ƙarni na 19 akwai tagwaye 'yan Sikotilan, Agnes Smith Lewis da Margaret Dunlop Gibson, waɗanda aka haifa a 1843. Sun koyi Larabci da Girkanci, Agnes kuma ta ƙara da Suryaniyanci, wanda reshe ne na Aramiyanci.

A 1892 suka isa gidan ruhubanawa na Santa Katarina a Sina'i. A can Agnes ta lura da wani littafin fata irin wanda Larabawa ke kira ɗirsi, wato wanda aka kankare rubutunsa na farko aka yi sabo a kai. A ƙarƙashin tarihin wasu mata waliyyan Kirista ta gano Linjila huɗu da tsohon Suryaniyanci, rubutun kusan ƙarni na 5. A 1894 Agnes ta wallafa fihirisar littattafan Suryaniyanci na gidan, Margaret kuma na Larabci. Duk da haka Jami'ar Kambirij, a garin da suke zaune, ba ta ba su digiri ba, domin sai a 1948 ta fara ba mata. Jami'o'i irin su Heidelberg da St Andrews ne suka karrama su.

Abin da ya fi shafar Musulmi wani ɗirsi ne da Agnes ta saya a Suwais a 1895. Rubutun samansa wa'azin Kirista ne da Larabci, na ƙasa kuwa ya ƙunshi ayoyin Alƙur'ani. A 1914 ita da Alphonse Mingana suka wallafa ganyayen, suna masu hasashen cewa wataƙila sun riga Mushafin Sayyidina Usman (RA), tare da jerin wuraren da suka ce sun saɓa masa. Bayan kimanin shekara casa'in, wata masaniya 'yar Italiya, Alba Fedeli, ta sake duba fatun, ta nuna cewa da yawa daga cikin wannan saɓani kuskuren karatun Mingana ne.

Ke nan da'awar da aka gina a kan tawadar da ta dushe, komawa ga fatar ce ta warware ta. Wannan ya isa hujja ga sassan nazarin Musulunci su sanya Suryaniyanci da ilimin tsofaffin rubuce-rubucen hannu cikin manhaja, ga ɗalibai maza da mata.