Tarihin Tattara Warwatsattun Ajiya a Cikin Kwamfuta

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya ƙera faifan ajiya na farko domin kwamfuta. Faya-fayai 50 ne a jere, amma abin da su ke ɗauka bai wuce haruffa wajen miliyan 5 ba. Faifan yana juyawa, wani ɗan hannu kuwa yana kai da kawowa a kansa, yana rubutu yana karatu.

To, ga inda wahala ta ke. In an share wata takarda, sai gurbi ya saura. In an kawo sabuwa wadda ta fi gurbin girma, sai kwamfuta ta gutsuttsura ta, ta cusa ko'ina ta sami wuri. Ku kwatanta da manomin da gonarsa guda ta ke Isa, guda kuwa Sabon Birni: yininsa a hanya zai ƙare, ba bisa kunya ba. Haka hannun nan ya ke ɓata lokaci wajen bin guntaye, har aikin injin ya yi nauyi.

Maganin abin shi ne manhajar da za ta tattara guntayen, ta jera su wuri guda. A shekarun 1980 sayenta a ke yi, kamar Speed Disk ta kamfanin Norton. A 1993 Microsoft ya saka irinta cikin MS-DOS 6, watau ba sai an biya dabam ba. Daga baya waɗansu suka fito da nasu kyauta, kamar Defraggler. Sa'ad da Windows Vista ta bazu a 2007, sai kwamfuta ta riƙa yin sharar da kanta mako-mako.

Sa'an nan aka sami sabon ma'aji mai suna SSD, wanda ba ya juyawa, ba shi kuwa da hannu. A wurinsa kusa da nesa duk ɗaya ne, yawan sāke rubutu ma rage masa kwana ya ke yi.

Saboda haka mai shagon buga takardu a Isa ko Sabon Birni ya fara binciken irin ma'ajin da ke cikin injinsa. In mai juyawa ne, maganin yana ciki, kada ya ba kowa ko kwabo. In SSD ne, ya ƙyale shi.